Clara Schumann: Makaɗiyar fiyano da ta riƙe gida da yatsunta

Kusan shekara 60 Clara Schumann ta kwashe tana kaɗa fiyano a manyan zaurukan Turai, a zamanin da ba kasafai matar aure ke fita neman abinci da irin wannan sana'a ba.

An haife ta a birnin Leipzig na ƙasar Jamus ranar 13 ga Satumba, 1819. Mahaifinta, Friedrich Wieck, malamin fiyano ne mai tsanani, kuma shi ya horar da ita tun tana 'yar shekara biyar. Tana shekara tara ta yi wasa a zauren Gewandhaus, kuma a 1838 fadar sarkin Ostiriya ta karrama ta a birnin Vienna.

Rigima ta taso ne lokacin da ta kamu da son Robert Schumann, wani tsohon ɗalibin mahaifinta. Wieck ya ce sam bai yarda ba. Maganar sai da ta kai kotu, alƙali ya ba masoyan gaskiya, aka ɗaura aure ranar 12 ga Satumba, 1840, ana gobe za ta cika shekara 21.

Sun haifi 'ya'ya takwas. Robert na tsara kiɗa, ita kuma tana kaɗa shi a bainar jama'a, abin da ya taimaka wajen fito da sunansa.

A 1854 taɓin hankali ya yi wa Robert tsanani, har ya faɗa kogin Rhine. An ceto shi, aka kwantar da shi a wani asibiti kusa da birnin Bonn. Likitoci ba su bar Clara ta gan shi ba sai dab da rasuwarsa a watan Yulin 1856.

Tana da shekara 36 ta zama gwauruwa da yara bakwai a hannu. Ba ta sake aure ba. Sai ta ɗaura ɗamarar yawon wasanni a Jamus da Ingila da sauran ƙasashe domin ciyar da su. Ta kusan daina tsara kiɗan kanta, ta koma yaɗa ayyukan mijinta da na amininsu Johannes Brahms. Tana cikin waɗanda suka fara kaɗa fiyano da ka, ba tare da duba takarda ba, abin da daga baya ya zama al'ada.

Jarrabawar ba ta tsaya nan ba. Huɗu daga cikin 'ya'yanta sun riga ta rasuwa, har nauyin wasu jikokin ya dawo kanta.

Daga 1878 zuwa 1892 ta koyar a makarantar kiɗa ta Hoch da ke Frankfurt, inda ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban.

Ta rasu ranar 20 ga Mayu, 1896, aka binne ta a Bonn kusa da mijinta. Kusan shekara 100 bayan nan, Jamus ta sanya hotonta a jikin takardar kuɗi ta Mark 100.