Louis Pasteur: Ɗan majemin da ya samo riga-kafin ciwon haukan kare

Kafin shekarar 1885, wanda mahaukacin kare ya ciza ba shi da wani magani sai a ƙona masa wurin cizon da jan ƙarfe, sannan a zuba ido. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Wanda ya sauya wannan hali shi ne Louis Pasteur, masanin sinadarai ɗan ƙasar Faransa, wanda ko takardar shaidar likita ba shi da ita.

An haifi Pasteur ranar 27 ga Disamban 1822 a garin Dole da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa majemi ne, kuma tsohon sojan Napoleon. Ya yi karatu mai zurfi a birnin Paris, ya kuma yi suna da bincikensa kan ƙwayoyin halittar da ke lalata madara da sauran abin sha. Uku daga cikin 'ya'yansa biyar sun rasu suna ƙanana, biyu sakamakon zazzaɓin taifot. A 1868 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, amma bai ajiye aiki ba.

Bayan ya samar da riga-kafin wasu cututtukan kaji da tumaki, sai ya tunkari ciwon haukan kare tare da abokin aikinsa Emile Roux. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, kare ne ko kyanwa, kuma ƙanƙantarta ta sa na'urorin zamanin ba sa iya nuna ta. Sai dai sun fahimci cewa takan bi jijiyoyi sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki makonni. Wannan jinkiri suka yi amfani da shi. Sukan busar da lakar gadon bayan zomayen da suka kamu har tsawon mako biyu domin rage kaifin cutar, sannan su yi wa karnuka allura da ita, jikinsu ya koyi kare kansa kafin cutar ta isa ƙwaƙwalwa.

Ranar 6 ga Yulin 1885 wata uwa daga yankin Alsace ta kawo masa ɗanta mai shekara tara, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya yi wa cizo 14. Pasteur ya shiga tsaka mai wuya: in ya ƙi, yaron na iya mutuwa, in ya yarda, allurar kanta na iya kashe shi. Daga ƙarshe likita Jacques-Joseph Grancher ya yi wa yaron allurai 13 a cikin kwanaki kusan goma. Joseph ya rayu, har ya girma ya zama mai gadin Cibiyar Pasteur da aka buɗe a Paris a 1888.

Masana tarihin da suka nazarci littattafan bincikensa daga baya sun nuna cewa gwajin da ya yi a kan karnuka kafin wannan rana bai kai yadda aka ɗauka ba. Duk da haka, a kan tubalinsa aka gina alluran yau.

Pasteur ya rasu ranar 28 ga Satumban 1895, ranar da yanzu ake tunawa da yaƙi da cutar a duniya. Cibiyoyi masu sunansa na aiki a Dakar da Yaounde. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare. Shawararta ita ce a wanke wurin cizo da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti, a kuma yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnuka riga-kafi domin katse yaɗuwar cutar daga tushe.