John Kemeny: Ɗan gudun hijirar da ya sauƙaƙa wa ɗalibai yaren kwamfuta

A farkon shekarun 1960, duk mai son kwamfuta ta yi masa lissafi sai ya huda katuna, ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin na'ura, ya jira sa'o'i. Kuskuren harafi ɗaya kan mayar da shi farko. Wannan wahalar ce John Kemeny ya ƙuduri aniyar kawarwa.

An haife shi a birnin Budapest na ƙasar Hungary ranar 31 ga Mayu, 1926, cikin iyalin Yahudawa. A 1940 suka tsere zuwa Amurka, amma kakansa ya ƙi barin gida, ya halaka a kisan kiyashin 'yan Nazi. Kemeny ya karanta lissafi a Jami'ar Princeton, yana ɗan shekara 22 ya zama mataimakin Albert Einstein.

A Kwalejin Dartmouth, inda ya koma koyarwa, shi da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro BASIC, yaren da suka tsara domin ɗalibin tarihi ko adabi ma ya iya ba na'ura umarni. Ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, 1964. Da fari yaren bai san fayil ba. Cikin shirin kansa ake jera alƙaluma a layukan DATA, umarnin READ ya riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, don haka in bayanai suka sauya dole a taɓa shirin. A bugu na baya ne aka ƙara damar buɗe fayil, a karanta, a rubuta, bayanan su zauna daban. Ba ƙaramin sauyi ba ne, domin da shi mai koyo ya samu ikon adana rajistar sunaye ko sakamakon jarrabawa.

Ba su sayar da yaren ba, kyauta suka sake shi. Wasu ne suka ci riba: hajar farko ta kamfanin Microsoft a 1975 wani nau'in BASIC ce. Gurɓatattun nau'o'in da suka cika kasuwa sun ɓata musu rai, har suka fito da True BASIC.

Ya shugabanci Dartmouth daga 1970 zuwa 1981, kuma a zamaninsa kwalejin ta fara ɗaukar mata a 1972. Ya rasu ranar 26 ga Disamba, 1992, yana da shekara 66.