Luwi Pastar, ɗan majemin da ya yaƙi ciwon haukan kare

An haifi Luwi Pastar ran 27 ga watan Disamba 1822 a garin Dol na ƙasar Faransa. Mahaifinsa majemi ne, sana'ar da mutanen Damagaram suka san wahalarta da darajarta. Ya yi karatu a babbar makarantar horon malamai ta Paris, inda ya ƙware a kan ilmin haɗa sinadarai. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma wannan bai hana shi aiki ba.

A zamaninsa, duk wanda ciwon haukan kare ya bayyana a jikinsa sai dai a shirya likkafani. Pastar da mataimakinsa, likita Emil Ru, suka gane cewa ƙwayar cutar a cikin ƙwaƙwalwa da laka take zama. Sai suka riƙa ciro lakar zomon da cutar ta kashe, suna rataye ta cikin kwalba mai busasshiyar iska. Kowace rana ƙarfinta na raguwa, har ya kusa ƙarewa bayan mako 2.

Ran 6 ga watan Yuli 1885 aka kawo masa Jozef Maista, yaro ɗan shekara 9, wanda mahaukacin kare ya ciza. Da yake Pastar ba likita ba ne, wani likita ya riƙa yin allurar a gabansa. Aka yi wa yaron allura 13, daga lakar da ta fi bushewa zuwa mafi ɗanye. Yaron ya rayu. Amma a ƙarshen wannan shekara wata yarinya da aka kawo fiye da wata guda bayan cizo ta rasu.

Dabarar tana da haɗari, domin raunana ƙwayar aka yi, ba a kashe ta sarai ba. A 1911, a ƙasar Indiya, likita Debid Sempul ya kashe ƙwayar da sinadarin fenol. Duk da haka, naman ƙwaƙwalwar dabba da ke cikin maganin yakan shanye jikin waɗansu mutane. Shi ya sa yanzu ake renon ƙwayar a ɗakin bincike, a kashe ta, a tace, a gwada, kafin a kai asibiti.

Pastar ya rasu ran 28 ga watan Satumba 1895, shekara 4 kafin Faransawa su shiga Damagaram. Tun 2008 ranar rasuwarsa ta zama ranar duniya ta yaƙi da wannan ciwo.

Jama'a, in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira alama. Rigakafi ya fi magani.