Paul Broca: Likitan da Ya Nemo Mazaunin Furuci a Ƙarƙashin Goshi

Duk wanda ya tashi a Madawa, ko a tuddan Adar wajen Buza da Keita, da wuya a ce bai taɓa ganin dattijon da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar ba. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, idan ɓarin dama ne ya shanye, sau da yawa magana ma takan ɗauke. Hannun da ke saƙar tabarmar kaba jiya da harshen da ke ciniki a kasuwa sai su faɗi rana guda, alhali mutum yana jin abin da ake faɗa masa, yana kuma gane ƴaƴansa. Mutumin da ya fara gamsar da likitoci game da dalilin wannan haɗuwa shi ne Bafaranshen nan Paul Broca. Mu ɗaliban kimiyyar harshe mun san sunansa a matsayin wata ƴar da'ira da ake zanawa a kan hoton ƙwaƙwalwa, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka san mai sunan.

An haifi Broca ranar 28 ga Yuni 1824 a Sainte-Foy-la-Grande, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Faransa. Mahaifinsa likita ne da ya yi aiki a rundunar Napoleon. Yana da shekara 17 ya tafi Paris karatun likita, ya kammala digirinsa a 1849, ya yi suna a fannin fiɗa da binciken ciwon daji da cututtukan jijiyoyin jini. A 1859 ya kafa Ƙungiyar Nazarin Ɗan Adam ta Paris, wadda hukuma ta yi wa kallon zargi har takan aiko ɗan sanda ya zauna cikin tarukanta. A wannan ƙungiya aka yi ta tafka muhawara a farkon 1861 kan wata tsohuwar tambaya: shin ƙwaƙwalwa dunƙulalliya take aiki, ko kuwa kowane sashe da aikinsa? Tun 1825 Jean-Baptiste Bouillaud ke cewa magana tana sashen gaba, wato na goshi, surukinsa Ernest Auburtin kuma ya sake tayar da zancen a zaman 4 ga Afirilu. Hujja ce ba su da ita a hannu.

Mako guda bayan haka hujjar ta iske Broca har ɗakin marasa lafiyarsa a asibitin Bicêtre. An kawo masa wani mai suna Louis Victor Leborgne, ɗan shekara 51, ƙafarsa ta dama tana ruɓewa. Wannan bawan Allah ya shekara 21 a asibitin ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak, wato tan, wadda yakan ninka ta, ya sauya mata murya gwargwadon abin da yake nufi, har ta zame masa laƙabi. Shekara goma bayan ɗaukewar maganarsa hannunsa na dama ya fara mutuwa, ƙafar ta biyo baya. A nan ne basirar Broca ta fito, domin bai tsaya ga baki ba, ya koma ga hannun hagun da ya rage. Da ya tambaye shi tsawon zamansa a asibiti, sai majinyacin ya buɗe tafinsa sau huɗu, ya ƙara yatsa ɗaya. Lissafin daidai ne. Ke nan hankali na nan, fahimta na nan, harshe da leɓe suna motsi, abin da ya ɓace shi ne ikon jera motsin da ke zama kalma.

Leborgne ya rasu ranar 17 ga Afirilu. Washegari Broca ya kai ƙwaƙwalwarsa gaban ƙungiya, ya nuna wurin da ya lalace a ninki na uku na sashen goshi, a ɓarin hagu. Kafin shekarar ta ƙare sai ga wani tsoho, Lelong, ɗan shekara 84, wanda kalmomi biyar kacal suka rage masa. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar Faransanci mai nufin uku, da ita yake amsa kowace tambayar lissafi, amma yatsunsa su gyara kuskuren: da aka tambaye shi yawan ƴaƴansa, baki ya ce uku, hannu ya nuna huɗu. Shi ma da aka duba, tabon yana wuri guda. Broca ya kira ciwon afemi, sai dai sunan da Armand Trousseau ya kawo a 1864, wato afaziya, shi ya zauna.

Batun hagu bai yi gaggawar yanke hukunci a kansa ba, domin ya saɓa wa abin da aka yi imani da shi cewa gaɓoɓi tagwaye aikinsu ɗaya. Sai da marasa lafiya suka taru, takwas a 1863, duka a hagu, sannan a 1865 ya fito fili ya ce da ɓarin hagu muke magana. Bayanin da ya bayar ta hanyar hannu ya biyo. An daɗe da sanin cewa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, saboda haka ya ɗauki fifikon hannun dama da zaman magana a hagu a matsayin ƴan uwa: ɓarin da ya riga ɗan uwansa ƙwarewa a aikin da ke buƙatar dabara, shi yaro ke koyon furuci da shi. Ya yi tsammanin a wurin wasu bahagwai abin zai juya. Yau an san cewa ko a cikin bahagwai, kimanin bakwai cikin goma maganarsu a hagu take. Ya kamata a ambaci kuma cewa wani likitan karkara, Marc Dax, ya rubuta irin wannan ra'ayi tun 1836, ɗansa Gustave ya yi ta fafutukar a ba uban haƙƙinsa, amma suna ya riga ya bi Broca.

Akwai wani aikinsa da littattafan darasi ba su cika kawowa ba. A shekarun 1870 ya ɗaura wa mutane wani kambi na ma'aunan zafi a kai, ya sa su karatu, yana neman ganin ko sashen da ke aiki zai fi ɗumi. Kayan aikin ba su kai ba, fata da ƙashi sun tsaya tsakani, amma tunanin shi ne tushen ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na zamani: wurin da ke aiki ya fi jan jini.

Sai dai wannan mutum mai kaifin ido a gaban majinyaci, idonsa ya rufe a gaban ƙoƙon kai. Mafi yawan ƙarfinsa ya tafi ne ga awon ƙoƙunan kawunan mutane da nauyin ƙwaƙwalwa, ya ƙirƙiro kayan awo masu yawa, ya tara ƙasusuwa daga nahiyoyi daban-daban. Daga alƙalumansa ya fitar da abin da ya riga ya yarda da shi, cewa Bature na gaba da baƙar fata, namiji na gaba da mace. Awonsa na da tsabta, amma duk ma'aunin da ya ba da sakamakon da bai so ba sai ya nemo masa uzuri ko ya ajiye shi, kamar yadda Stephen Jay Gould ya bi diddigi a 1981. Tun kafin Gould, wani baƙar fata ɗan Haiti, Anténor Firmin, wanda ya shiga ƙungiyar Broca ɗin kanta, ya wallafa littafi a 1885 yana rushe waɗannan hujjoji. Ga mu da kakanninmu suka ga shigowar sojan Faransa shekara ashirin bayan mutuwar Broca, wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin irin wannan ilimi ne ya ba mulkin mallaka rigar mutunci. A ganina bai dace malami ya koyar da da'irar nan a aji ya ɓoye wannan shafi ba.

An naɗa shi sanata na har abada a farkon 1880, amma bai daɗe a kujerar ba, ya rasu ranar 9 ga Yuli na wannan shekara yana da shekara 56.

Tambayar hannu da harshe ta ci gaba bayansa. A 1870 Fritsch da Hitzig sun nuna a Berlin cewa taɓa wani yanki na gaban ƙwaƙwalwar kare da lantarki na motsa ƙafar ɗaya ɓarin. Daga baya aka tabbatar cewa a ƙarshen sashen goshi akwai zirin da ke ba da umarnin motsi, wurin baki a ƙasa daf da yankin Broca, wurin hannu a samansa kaɗan, kuma jijiyar jini ɗaya ke shayar da su. Idan ta toshe a hagu, hannun dama da magana sai su tafi tare, abin da ke samun dattijonmu na ƙauye ke nan. A 1980 Per Roland da abokan aikinsa a Copenhagen sun auna gudun jini yayin da mutane ke motsa yatsu. Motsi mai sauƙi ya kunna zirin motsi, jerin motsi mai sarƙaƙiya ya ƙara da wani yanki da ke gabansa, da aka ce su yi jerin a zuci kawai sai wannan yanki na gaba ya ci gaba da aiki, zirin ya yi shiru. A shekarun 1990 kuma hotunan PET da na MRI suka nuna cewa yankin Broca kansa yakan motsa idan mutum na jujjuya abu a hannu, ko yana kallon wani yana damƙar abu. Daga nan wasu, irin su Giacomo Rizzolatti da Michael Arbib, suka ce magana daga ishara ta samo asali. Wannan hasashe ne da har yanzu ake jayayya a kansa. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne shaidar kurame: mai maganar hannu idan ya sami rauni a goshin hagu, jimlolinsa na hannu sukan kakkarye kamar yadda na mai baki ke yi, wanda ke nuna yankin bai keɓanta da sauti ba.

Broca bai yanka ƙwaƙwalwar Leborgne ba, ya duba ta daga waje ya saka ta cikin kwalbar alkol don na baya. An ɗauki hotonta da na'urar CT a 1980, sannan a 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka wallafa hotunan MRI nata da ta Lelong. Sun tarar raunin ya nutsa ciki fiye da yadda Broca ya iya gani, har ya yanke zaren jijiyoyin da ke haɗa goshi da sassan baya, kuma iyakarsa ba ta yi daidai da da'irar da muke zanawa a allo ba.