Alhassan Ɗantata da Hanyar Gwanja

Mu mutanen Salaga da Yendi, ayarin fatake ne ya raya zangunanmu. Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, shi ma da goron Gwanja ya fara fatauci. Da ya ga jiragen ruwan Turawa sun fi jaki sauri, sai ya koma loda goro daga Akra zuwa Ikko ta teku. Ya ci riba ƙwarai. Amma dillalai da masu masaukin fatake, waɗanda yaƙin Salaga na 1892 ya riga ya durƙusar, kasuwarsu ta ƙara mutuwa. A 1929 ya kai azurfa, kayan raƙuma 20, ajiya bankin Turawan Ingila a Kano. Ya rasu a 1955, Allah ya jiƙansa.