ANDREW FOSTER, KURMAN DA YA BUƊE WA KURAMEN AFIRKA MAKARANTA

Kowace shekara, daga tashin iskar hunturu har zuwa bazara, ciwon sanƙarau yakan addabi ƙasashenmu na Sahel. Daga watan Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023, an ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Matamaye tana cikin wuraren da abin ya fi shafa. Cikin waɗanda Allah ya tayar, wasu sukan tashi ba su ƙara jin magana ba. Saboda iyayen irin waɗannan yara ne muka kawo tarihin wani mutum wanda wannan ciwo ya mayar da shi kurma, amma ya zama malamin malamai.

An haifi Andrew Foster ran 27 ga watan Yuni na 1925 a garin Ensley, cikin jahar Alabama ta Amurka. Baƙar fata ne, mahaifinsa kuwa ma'aikacin haƙar kwal. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya kurumce. A zamanin nan an raba makarantun farare da na baƙaƙe, saboda haka aka kai shi makarantar kurame baƙar fata ta Talladega, inda karatu ba ya yin nisa. Da ya zama saurayi sai ya koma birnin Detroit, yana aiki domin ya ci da kansa, yana kuma ci gaba da karatu. A 1951 ya shiga Gallaudet, babbar makarantar kurame da ke Washington. A 1954 ya fito da digiri, shi ne baƙar fata na farko da ya samu wannan daraja a wurin.

Foster Kirista ne mai wa'azi. A 1956 ya kafa ƙungiyar mishan domin kuramen Afirka, a 1957 kuma ya sauka birnin Accra, shekarar da Ghana ta samu mulkin kai. A lokacin makarantun kurame na nahiyar nan ƴan kaɗan ne, suna can arewacin Afirka da Afirka ta Kudu. Ya fara koyarwa cikin aji na aro, daga baya makarantar ta koma Mampong. A 1960 ya buɗe wata a Ibadan ta Nijeriya. A 1961 ya auri Berta, Bajamushiya, ita ma kurma, suka ɗauki aikin tare.

Tun taron masana na Milan a 1880, makarantun Turai da yawa sun hana kurame magana da hannu, suna tilasta musu karatun leɓe da fitar da murya. Foster bai bi wannan hanya ba. Ya haɗa maganar hannu da rubutu da harhaɗa baƙaƙe da yatsu, domin ya san kunne ne ya toshe, hankali yana nan garau. Ya kuma horar da kurame su zama malamai. Cibiyarsa ta Ibadan ta karɓi ɗalibai daga ƙasashe masu aiki da Faransanci, suka koma gida suka koyar. Ta haka aka samu makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, ciki har da Cadi, Togo, Benin da Kamaru.

Aikin nasa bai rasa abin gyara ba. Maganar hannu da ya kawo ta Amurka ce, a wurare da dama ta danne ta gida. Alhali kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke hira.

Ya rasu ran 3 ga watan Disamba na 1987, cikin haɗarin jirgin sama a ƙasar Ruwanda, yana da shekara 62.

Jama'a, abin lura a nan shi ne: yaron da ya tashi daga sanƙarau, a kai shi likita a auna jinsa tun da wuri. In an tarar ya kurumce, kada a ɓoye shi a gida, kada a miƙa masa ƙoƙon bara. Akwai makarantun kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Hakkin iyaye ne su nemi wuri, hakkin ma'aikatan gwamnati da sarakunan gargajiya ne su nuna musu hanya.