Maria Sibylla Merian, matar da ta yi shekara 50 tana kiwon tsutsa

An haifi Maria Sibylla Merian a birnin Frankfurt na Jamus ranar 2 ga Afrilu, 1647. Tana da shekara uku mahaifinta ya rasu, ta tashi a hannun mijin mahaifiyarta, Jacob Marrel, wanda ya koya mata zanen furanni.

A lokacin, mutane da yawa a Turai sun ɗauka cewa daga laka da ruɓaɓɓen abu ƙwari ke fitowa. Ita kuwa tun tana shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki, daga baya ta haɗa da na jeji. Takan ajiye su a akwati, ta ba kowace ganyen da take ci, har ta saƙa gida ta kulle kanta. Sai ta jira ranar da faɗa-wuta ko malam-buɗe-littafi zai fito.

Ba kullum jiran ke biya ba. Wata tsutsar takan mutu a gidan nata. Wata kuma, maimakon abin da ake jira, sai ƙudaje ko ƙananan zanzaro su fito. Merian ta zana su kamar yadda ta gan su, kusa da tsutsar da suka halaka. Yau an san dalili: waɗannan ƙwari suna sa ƙwai a jikin tsutsar, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki.

Littafinta kan tsutsotsi ya fito a 1679, kashi na biyu a 1683, kowanne da zane 50 masu nuna ƙwai, tsutsa, gidanta da shukar da take ci.

A 1699, tana da shekara 52, ta tafi Suriname a Kudancin Amurka tare da 'yarta Dorothea. Bayi 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar ne suka riƙa sare mata hanya a daji, suna kawo mata ƙwari, suna gaya mata amfanin tsirrai. Ta rubuta azabar da suke sha, amma ba ta ambaci sunan ko ɗayansu ba.

Rashin lafiya ya mayar da ita Amsterdam a 1701. Littafinta na ƙwarin Suriname mai zane 60 ya fito a 1705. Ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1717. Daga baya Jamus ta sa hotonta a takardar kuɗi ta mak 500.